Babban Harafi da Tulun Iri

Zariya, Oktoba 1984

Zuwa ga taubashiyata Rakiya, malamar lakwal, wato makarantar boko, a unguwar Zango, Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mai gidanki Mai Nasara da yara. Ni ma nan lafiya lau, in ban da sauro da tuwon masarar da ba ya riƙe ciki. Yaya Innata a Hamdara? Na san tun rasuwar Kawu, mahaifinki, ke kaɗai ce ke leƙa ta. Allah ya jiƙansa, ke kuma ya saka miki.

Takardar nan ta hannun Sha'ibu mai goro za ta zo miki, don tun da aka rufe iyaka shi ne kaɗai na sani da ke shiga da fita ta daji. Mun ji a rediyo wai damina ba ta yi kyau ba a wajenmu. Ki rubuto mini yadda abin yake.

Ni kuwa, Rakiya, Turancin Ingilishin nan zai kashe ni. An ce kowa ya rubuta labarin gidansu. Na zauna na zuba dangi kaf, kowa na sa masa babban harafi a farkon sunan dangantakarsa, yadda girmansa ya kamata. Malamin rubutu, wani dogo mai jan biro, ya dawo mini da takardar kamar an yanka kaza a kanta. Wai a harshensu, in ka ce uwata ta tafi kasuwa, uwa kalma ce kamar tukunya ko tabarma, ƙaramin harafi za a ba ta. Sai in ka kira ta da kalmar a madadin sunanta, ka ce Inna ta tafi kasuwa, sannan ta ci babban harafi. Na ce masa, ranka ya daɗe, a garinmu ban taɓa kama sunan uwata ba, Inna ɗin shi ne sunan. Ya ce wannan a garinku ne. Kin ji fa! Uwar mutum da tabarma a sahu ɗaya.

Abin haushin, wannan darasi aka ba ni in koyar a gaban masu jarrabawa ƙarshen shekara. In na ci, na dawo gida malamin kwaleji. In na faɗi, sai wata shekarar. Don Allah in kin je Hamdara ki duba akwatina a ƙarƙashin gadon Inna, akwai littafin nahawun Faransanci mai koren bango. Ina so in gwada dokokin biyu. Ki ba Sha'ibu.

Ki gaishe da Inna, ki ce ina neman gafara.

Naki, ɗan mace,
Tahiru

Damagaram, Disamba 1984

Zuwa ga Mushe Tahiru, yadda ake kiran malami da Faransanci, sarkin manyan haruffa.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara sun yi tari sun warke, Mai Nasara na gaishe ka. Takardarka ta yi wata guda a cikin huhun goro kafin ta iso, har ta yi ja.

Ka ce in rubuto maka yadda abin yake. To ga shi. Ba wai damina ba ta yi kyau ba, damina ba ta zo ba. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya ƙone a tsaye. A gonarku ko damin da za a yi sadaka da shi ba a ɗaure ba. Mutanen ƙauyuka sun fara cika bakin Damagaram da bukkokin kara da tsumma. A ajina akwai yaran da ke barci tun kafin a gama kiran suna, ba don lalaci ba. Ina cikin wannan aka kawo mini labarin uwa da tabarma. Na karanta wa Mai Nasara, ya ce in tambaye ka ko ana dafa babban harafi.

Na je Hamdara ranar kasuwar Mirriya. Layinku saura gida uku da hayaƙi: na Gwaggo, wato Innarka, na tsoho Mala maƙwabcinku, da na wata makauniya. Na tarar da Gwaggo tana jiƙa dilo, 'ya'yan anzar nan masu ɗaci da sai an yi ta sauya musu ruwa, ga ruwan kansa sai an kai guga ƙarshen igiya. Na kai mata jar dawar taimako da ɗan mai. Na ce ta tattara ta biyo ni, ɗakin baƙi yana nan a share. Ta ce, "Ke Rakiya, gida ba mace ke rufe shi ba. Mai shi ya fita ya bar shi buɗe, ni wa ce ce?" Ta nuna mini tulun irin geron da mahaifinka ya liƙe da laka kafin ya rasu. Yana nan bayan ƙyaure, ba ta taɓa ko ƙwaya ba, kuma ba za ta bar shi ba.

Da zan taho na ce, Gwaggo, me zan faɗa wa na Zariya? Ka san ta, kai ɗan fari ne, sunanka ma ba ya shiga bakinta. Ta kau da kai ta ce, "Ki ce wa masu karatu su yi karatunsu, nan ba abin da ya dame mu." Na rubuta maka kamar yadda ta faɗa. Sauran kuma ka fi ni sani.

Littafinka na manta ban duba ba. Ban ce ka yi haƙuri ba.

'Yar namiji, uwar ɗakinka,
Rakiya

Zariya, Janairu 1985

Rakiya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiya, na yi zazzaɓi na kwana biyu ya sake ni. Takardarki ta tayar mini da hankali, sai da na zo kan saƙon Inna sannan na yi ajiyar zuciya. Alhamdu lillahi tun da ita da bakinta ta ce ba abin da ya dame ta. Inna ba ta ƙarya. Ke kuwa tun muna yara kin iya zuzuta abu, kunama ta harbe ki ki ce maciji ne.

Duk da haka na yarda zamanta a can ba shi da amfani. Tun da ta ce mai gida ne ke rufe gida, to ni ne mai gidan, kuma na rufe. Ga wata takarda daban na sa a ciki, da manyan baƙaƙe don kada ki yi tuntuɓe. Ki karanta mata a gaban Baba Mala ya zama shaida. Na ce ta bi ki Damagaram, a ɗauko tulun iri a kai gidanki. Magana ta ƙare ke nan, ban ga abin wahala a ciki ba.

Zuwa kuwa ba zai yiwu yanzu ba. Wanda ya bar aji ba izini sunansa ake sokewa, ga iyaka a rufe.

Darasina na nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Yanzu kuma an ƙaro wata: in ka ce kawuna Ado, ƙarami, in ka ce Kawu Ado, babba. Mutum ɗaya, hula ɗaya, gemu ɗaya! Na tambayi dogon malamin yaya zan yi da mace guda da take Inna a wurina, Gwaggo a wurinki. Ya ce in zauna, ina ɓata wa aji lokaci. Don Allah littafin nan, Rakiya. Kada ki sake mantawa.

Tahiru

Damagaram, Fabrairu 1985

Tahiru,

Muna lafiya, in ana kiran wannan lafiya. Ruwa a Zango sai an bi mai garuwa da roƙo. Ina fatan zazzaɓin bai taɓa maka kai ba, ko da yake takardarka ta sa ni shakka.

Inna ba ta ƙarya! Yaushe ka bar ƙasar nan ne, Tahiru? Shekara biyu a Zariya har ka manta uwar da ta haife ka? Matar da tun kana rarrafe ba ta ɗauke ka a gaban mutane ba, wadda ranar da aka kai ka lakwal ta shige ɗaki ta ce hayaƙi ne ya shiga mata ido, ita kake jira ta ce a gaya wa ɗanta tana jin yunwa?

Na kai umarninka. Na kira Baba Mala, ya zo yana dogara sanda, muka shimfiɗa tabarma. Gwaggo na zaune tana tsince dawa. Ina cewa, takarda ce daga Zariya, ta ajiye faifai ta miƙe. Na ce, Gwaggo, ke aka rubuto wa. Ta ce, "Ki karanta wa Mala, shi ke da kunnen jin boko." Ta fice bayan gida wai za ta duba akuya. Na karanta wa Baba Mala umarninka tun daga bisimilla har sa hannu. Ya ce madalla, yaro ya iya magana. Ta dawo, na ce ga abin da aka ce. Ta ce ita ba ta ji ba. Baba Mala ya ce shi ya ji. Ta ce to shi ya tafi Damagaram.

Na yi fushi har na ce zan ɗauki tulun da kaina. Ta dube ni kallo ɗaya, na tuna ni 'yar ƙaninta ce, na mayar da hannuna.

Ta rame, Tahiru. Awarwaron da ke hannunta yanzu har gwiwar hannu yake zamewa. Dawar da nake kai mata kashi uku take yi, ita da Mala da makauniyar nan. Na yi faɗa, ta ce ba za ta tauna abu maƙwabci na jin ƙarar haƙorinta ba.

Na duba akwatinka. Gara ta ci bangon littafin, abin da ya rage na ajiye a kan turmi ina ɗaure kaya, akuyar Gwaggo ta gama da shi. Ban hana ta ba. A gidan nan ita kaɗai ta ƙaru da karatunka.

Ka zo. Ban san yadda zan rubuta shi ya fi haka fitowa ba.

Rakiya

Zariya, Maris 1985

Rakiya,

Ina gaisuwa. Sha'ibu na tsaye a kaina yana cewa motarsu za ta tashi, don haka a gurguje.

Maganar littafi na bar ki da Allah. Maganar Inna kuwa na gane kuskurena: takarda ba murya ba ce, kuma muryarki ta ji, ba tawa ba. Na ari rakoda wurin wani abokin ɗakina na yi mata magana a kaset ɗin nan. Ba ni da sabon kaset, na ɗauka a kan wanda nake gwajin darasina, amma saƙon yana farko. Ki samu rediyo mai cin kaset ki kunna mata. In ta ji ni da kunnenta ina cewa na rufe gida, ba ta da sauran hujja.

Kin ce in zo, in zo. Kin san an sa jarrabawar koyarwa a watan Mayu? Kin san abin da na sha kafin in samu gurbin nan? Duk wahalar nan don wa nake yi in ba don ita ba? Ki ba ni wata biyu, in gama, in zo gaba ɗaya da takardar shaida a hannu. Ke kina da mota ranar kasuwa, ni sai na ratsa daji kamar ɓarawon shanu. Ki daina rubuto mini kamar na yar da uwata.

Tahiru

Damagaram, Afrilu 1985

Tahiru,

Gaisuwa. Yara lafiya. Mai Nasara lafiya. Makauniyar layinku ta rasu, Allah ya jiƙanta. Akuyar ma ta mutu. Na gama da labarin lafiya.

Na ari rediyon diraktan lakwal ɗinmu, na sayi batir, na ɗauke shi a cinya har Hamdara kamar jariri. Mutanen da suka rage a garin duk suka taru a ƙofar gidanku, don an daɗe ba a ji abin da ya yi ƙara ba. Na danna. Muryarka ta fito: "Inna, ni ne." Gwaggo kuwa ta tashi, da ƙyar, tana dafa bango, ta zagaya bayan rumbu ta jawo turmi ta hau daka. Turmin ba kome a cikinsa, Tahiru. Na leƙa na gani. Mace da ba ta iya ɗaga guga ta tsaya tana dukan itace da itace don kada ta ji ɗanta na fari yana yi mata magana a gaban jama'a. Kai da dabararka!

Saƙonka ya ƙare, sai kaset ya ci gaba. Sai ga ka kana Turanci, kana ta maimaita abu ɗaya, kana buga tebur, kana tambayar yaran da babu su ko sun gane. Ba wanda ya motsa. Baba Mala ya cire hula ya riƙe, yana zaton addu'a ce irin ta can. Da ya ƙare suka shafa. Na rasa ko in yi dariya ko in kurma ihu. Abin da na lura kawai, da Turancin ya fara, dakan ya tsaya.

Yanzu ka saurare ni, ba wasan taubasai a nan. Ƙafafun Gwaggo sun fara kumbura. Na ga irin kumburin nan a bukkokin bakin gari, na san inda yake kai mutum. Rijiyarku ta koma laka, Baba Mala ke tafiya wata rijiya da jaki, shi ma 'ya'yansa na zuwa ɗaukarsa kafin azumi. In ya tafi, ba mai ba ta ruwa. Na yi roƙo, na yi kuka, na kawo limamin Mirriya ya yi mata nasiha, ta ba shi ruwa ta raka shi ƙofa. Ba za ta ce ka zo ba. Ko tana kan gargara ba za ta ce ba, kuma ka san haka, kana dai ɓuya ne a bayan maganarta don ta yi maka daɗi.

Ka ce wata biyu. Ni ban ga wata biyu a ƙafafun nan ba. Jarrabawa ana sake ta.

Ka tambayi dogon malaminka, in mutum ya ce marigayiya uwata, wane harafi ake sawa. Ka ji haushina in ka ga dama. Na fi son ka zo ka zage ni.

Rakiya

Damagaram, a zauren gidanki, Mayu 1985

Rakiya,

Na zo, ke kuma ba kya nan. Mai Nasara ya ce an kwashe malaman lakwal an tura ku rabon dawa, ke kin faɗa Garagumsa, sai ƙarshen mako. Wata shida kina kirana, ranar da na zo kin tafi auna tiya. Zagin da na tanadar miki tun daga Zariya ga shi zan koma da shi.

Inna na ɗakin baƙinki. Ta sha kunu, ta yi barci. Mai Nasara ya kawo wani ma'aikacin asibiti ya duba ƙafafun, ya ce a bi ta a hankali da madara da kunu, kada a cika mata ciki.

Takardarki ta same ni ana saura kwana kaɗan jarrabawa. Na nemi izini aka ce sai bayan an gama. Na fito ban sallami kowa ba. Na bi Sha'ibu ta dajin Magarya, wani wuri a mota, wani wuri a ƙafa, takalmin makarantata ya rabu biyu. Ban tsaya nan ba, na wuce Hamdara kai tsaye.

Ban gane garin ba. Ban gane ta ba ita ma, sai da ta juya mini baya, sannan na ce lalle Inna ce. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa wa bango. Ta ce da Baba Mala, "A ba matafiyi ruwa." Ruwan da ya rage a randa bai kai moɗa biyu ba, ta sa aka ba ni ɗaya, kuma dole na sha.

Daga nan na fara bayani. Rakiya, na yi bayanin da ban taɓa yi wa dogon malami irinsa ba. Na kawo dalili na ɗaya, na biyu, na uku. Na yi maganar rijiya, na yi ta asibiti. Tana zaune tana jan carbi tana kallon inda akuya take ɗaure da. In na yi tambaya sai ta ce da Baba Mala, "Rana ta yi zafi yau." Har la'asar muna haka. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata na bar jarrabawata na zo ina wa'azi ga bango. Na tashi cikin fushi na shiga ɗaki, na sunkuci tulun iri na ɗora a ka. Na fito na jawo ƙayar da marigayi mahaifina ke toshe ƙofa da ita in za mu kwana a gona.

Ina juyowa na gan ta tsaye. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙulli ɗaya da buta. Ƙullin nan ba yau aka ɗaure shi ba, Rakiya, ƙura ta kwanta a kan ɗaurin har ta yi layi. Ta wuce ni ta fita ta tsaya a waje, ta ba gidan baya. Na ja ƙaya na rufe. Baba Mala ya kawo jaki muka ɗora ta. Ni na biyo su a ƙafa har bakin hanya, da tulu a ka da rigar kwaleji, ba takalmi.

Ashe tun farko abin da take jira ke nan. Me ya hana wani ya ce mini ba magana ake so ba, hannu ake so? Kada ki amsa, na san abin da za ki ce.

Jarrabawa an yi ta shekaranjiya. Zan koma in roƙi a bar ni in maimaita shekara, in sun yarda. Darasin da na yi wata bakwai ina gyarawa ko mutum ɗaya bai ji shi ba. Ina jin zafin abin, ba zan ɓoye miki ba.

Tulun na ƙarƙashin gadonta. Kada yaranki su taɓa. Da zan fito na durƙusa a ƙofa na ce na tafi. Ta ce da Mai Nasara, "A ce wa mutane su sayi takalmi."

Tahiru

Damagaram, Yuli 1985

Zuwa ga Tahiru, mai gidan Hamdara.

Assalamu alaikum. Muna lafiya, wannan karon da gaske. An yi ruwa, Tahiru! An yi na shuka, an ƙara, har rufin ajina ya yi yoyo, yara suka fita suna tsalle na ƙyale su. Barka da salla, ko da ta wuce. Sha'ibu ya ce an yarda ka maimaita shekara amma an yi maka wankin babban bargo a ofis. Ya yi maka kyau. Da ka zo tun Disamba da ka ci jarrabawarka ka kuma huta da ni.

Kumburin Gwaggo ya saɓe. Tana cin tuwo, tana kuma gyara mini yadda nake tuƙa shi, wai na saba da na 'yan birni. Ranar da aka yi ruwan farko ita ta fasa lakar tulun da hannunta. Mai Nasara da ɗan Baba Mala suka kai irin Hamdara suka shuka gonarku, ya tsiro. Ta ce da kaka za ta koma. Na ce sai mai gida ya zo ya buɗe, tun da ba mace ke buɗewa ba. Ta harare ni. Ka ga yanzu dokar ta dawo hannuna.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Rediyon dirakta har yau yana gidana, yana ta aike ina cewa gobe. Na lura batir na ƙarewa ba dalili, na tsare yara da bulala suka rantse ba su ba ne. Ran nan aka tashe mu da wuri daga lakwal, na dawo gida kafin azahar. Tun daga zaure na ji wani na buga tebur yana Turanci. Na leƙa ta labule. Gwaggo ce zaune a kan tabarma, ta sa rediyon a gabanta, ta tallabe haɓa. Babbar 'yata ta koya mata inda ake dannawa, ta kuma koya mata yadda ake wuce farkon, inda kake mata magana da Hausa. Wannan ba ta jin sa har yau. Darasin take ji. Tun da ba da ita kake ba, ba kunya a ciki.

Na daɗe a tsaye. Kana ta faɗin abinka, kana tambaya ko an gane, tana gyaɗa kai. 'Yata ta ce kullum in na fita haka ake yi, daga farko har ƙarshe, wani lokaci sau biyu. Don haka ka daina cewa ba wanda ya ji darasinka. Kana da ɗaliba ɗaya, ba ta taɓa fashi ba, ba ta kuma san ko kalma ɗaya a ciki ba.

Tari ya kubce mini ta gan ni. Ta ce abin ne ya tashi da kansa, ita tana neman inda ake kashe shi. Na ce haka yake yi, Gwaggo. Na zauna ina cire takalmi. Can ta ce, ba ta dube ni ba, "Me wancan yake faɗi ne haka da ƙarfi?" Na ce yana koya wa yara yadda ake rubuta uwa. Sannan ta ce, "To. Ki rubuta ki ce ya riƙa cin abinci. Muryar nan ba ta mai ƙoshi ba ce."

Na rubuta maka kamar yadda ta faɗa. Wannan karon ina fatan ka iya karatu.

Ka aiko da batir ta hannun Sha'ibu, da yawa, na gaji da saye. Kaset ɗin ma ya fara ja, muryarka na fita kamar ta ɗan maraƙi. Ka ɗauko wani darasin ka aiko, kowane iri ne, in dai da Turanci ne kuma ba da ita kake ba.

Uwar ɗakinka har gobe,
Rakiya